Kaɗanya tana cikin haɗari, kanari kuma wai lafiya lau: wa zai fahimtar da mu?

Mushen Lise: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, da fatan an wuni lafiya. Ina shirya ma 'yan ajina darasi ne kan yadda ake kasa halittu dangi-dangi, sai na ce bari in ɗauki abu biyu da yaran suka sani, itace guda mai 'ya'ya da tsuntsu guda mai daɗin kuka, na ɗauki kaɗanya da kanari. Da na duba jan kundin nan na UICN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, inda suke jera halittu gwargwadon haɗarin ƙarewa, sai na tarar kaɗanya tana rukunin VU, wato waɗanda ake ma tsoron ƙarewa, shi kuma kanari yana LC, rukunin ƙasa ke nan da ba a damu da shi ba. Abin ya tsaya mini a rai walahi. Kaɗanya fa miliyoyi ne tun daga Senegal har Uganda, kanari kuma ni dai na daina jin kukanshi a bayan gari yadda muke ji muna yara. To ya aka yi mai yawa ke cikin haɗari, wanda idona ya daina gani kuma aka ce lafiya lau? Dan Allah masu sani a taimaka.

Mai Kanari na Birni: Wa alaikumus salam Mushe. Kafin a yi nisa, wane kanarin kake nufi? Don mu masu kiwo iri uku muka sani. Akwai ɗan tokan nan ƙarami mai farin ƙugu, shi ne namu na nan, kuma shi ya fi kowa iya kuka. Akwai mai ruwan ɗorawa a ƙirji da goshi wanda ake kawowa daga kudu. Sai kuma na Turawa da ake haifa cikin keji, wannan bai san dawa ba ma.

Mushen Lise: Ɗan tokan nake nufi Malam, mai farin ƙugun. A littafi sunanshi Crithagra leucopygia, mai ruwan ɗorawan kuma Crithagra mozambica, duka biyun LC suke. Na Turawan asalinshi daga tsibiran Kanariya ne da Madera da Azores can cikin tekun Atlantika, Serinus canaria. Dukansu gida ɗaya ne, Fringillidae, cikin babban rukunin Passeriformes wanda ya ƙunshi sama da iri 6,000, ya fi rabin tsuntsayen duniya gaba ɗaya.

Ɗalibar Jami'a: Mushe ina wuni. Ƙari kaɗan kan abin da ka faɗa, idan yaranka suka buɗe tsofaffin littattafai za su ga an rubuta namu ma da Serinus, kar su rikice. Da duka a Serinus aka zuba su, sai da aka yi binciken ƙwayoyin gado aka fitar da sakamako a 2012 aka ga na Afirkan nan da na Turai ba kakansu ɗaya na kusa ba, shi ne aka ware su aka kai su Crithagra. Ita ma kaɗanya an daɗe ana rubuta ta Butyrospermum parkii saboda Mungo Park, Baturen nan da ya iso Segu a 1796 ya ba da labarinta a littafin tafiyarshi. Daga baya aka koma ma Vitellaria paradoxa don shi ya riga, tun 1807, kuma a ƙa'idar masana tsirrai sunan da ya riga shi ke da gaskiya. Gidanta Sapotaceae, gida ɗaya da itacen argan na Maroko da su ma mai ake tatsa daga ƙwallonshi. Amma abin da ni ya fi ɗaukar mini hankali, Crithagra iri ne da dama, ita kuwa Vitellaria kaɗanya ce kaɗai a ciki, ba ta da 'yar'uwa ko ɗaya. Reshe biyu kawai gare ta, namu na yamma da nilotica na wajen Sudan ta Kudu da Uganda mai man da ya fi laushi. In ta tafi, jinsin ne gaba ɗaya ya tafi.

Hajiya Mai Man Kaɗe: Ni dai ban san Latin ɗin nan naku ba 'ya'yana, amma man kaɗe sana'ata ce a Kasuwar Dole tun ina da ƙuruciyata. Ko ɗigo ba a yin shi nan Damagaram, daga nesa yake zuwa, wajen Gaya, Najeriya, wani lokaci Benin ko Burkina. Kuma kullum tsada yake ƙarawa, masu kawo mana suna cewa matan da ke tsintar kaɗen sai sun yi tafiya mai nisa yanzu kafin su cika ƙwarya. Kun san wahalar da ke cikin man nan kuwa? Farkon damina mace za ta fita tun da asuba cikin ciyawa ga macizai, ta tsinto, a cinye naman ko a sale shi, a dafa ƙwallon, a shanya, a fasa, a daka, a soya, a niƙa, sannan a zauna a yi ta bugun shi da hannu cikin ruwa har man ya taso fari a sama. Mu da shi muke shafa ma jarirai, da shi ake gyaran targaɗe, in hunturu ya shigo ƙafa ta yi kaushi shi ne magani. Ni in an ce min itacen nan yana cikin haɗari ban yi mamaki ba ko kaɗan.

Tsohon Ɗan Gandun Daji: Salamu alaikum. Mushe tambayarka tana da kyau, kuma amsarta tana cikin ma'aunin da suke aiki da shi. Mutane suna ɗauka kundin nan ƙidayar yawa ce, wanda ya fi ƙaranci shi ke sama. A'a. Yawa yana ciki, faɗin ƙasar da halitta ke zaune ma yana ciki, amma babban abin da ke jefa irin su kaɗanya a VU shi ne saurin raguwa. Ƙa'idar ita ce in halitta ta ragu da kashi 30 cikin 100 a tsawon shekara 10 ko zuriya uku, wanda duk ya fi tsawo a cikin biyun, to ta shiga. Yanzu ka duba. Kanari ɗan tsuntsu ne, shekara ta zagayo ya isa yin sheƙa, ƙwai uku ko huɗu, zuriyarshi gajera ce, don haka 'yan shekaru kaɗan ake dubawa baya, kuma ana duba shi ne daga Senegal har Sudan da Habasha gaba ɗaya, ba bayan Birni kaɗai ba. Kaɗanya kuwa sai ta yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, tana iya rayuwa shekara 200 ko fiye, zuriya ukunta ta kai mu can zamanin kakannin kakanni. In ka auna kaɗanyar wancan zamani da ta yau, ragin a fili yake. Tun 1998 take VU.

Mushen Lise: Baba Allah ya saka da alheri, yanzu na fara gani. Wato agogon da ake auna su da shi ne ba ɗaya ba.

Ɗan Gaya: Baba ya faɗi gaskiya, ni can aka haife ni aiki ne ya kawo ni Zinder. In ka bi gonakinmu za ka ga kaɗanya tsaye manya-manya ka ce ai ba abin da ya same ta. Amma ka tsaya ka nemi ƙanana, masu kaurin hannu ko na cinya, da ƙyar za ka samu. Duka tsofaffi ne. Da ana barin gona ta huta shekaru, a cikin sauran nan ne ƙanana ke tasowa su yi ƙarfi, yanzu mutane sun yi yawa gona ba ta hutawa, garma ta bi ta kai, awaki su cinye abin da ya rage, gobarar daji ta ƙarasa. Su kuma tsofaffin ga kauci ya hau kansu yana tsotse su, ga masu gawayi, don gawayin kaɗanya yana da nauyi yana daɗewa a wuta shi ya sa ake son shi, ga masu sassaƙa turmi. Garke ne da babu 'yan maruƙa a ciki, yau ka ƙirga ka ga shanu da yawa, amma ka san inda abin zai ƙare.

Hajiya Mai Man Kaɗe: Maganar gawayin nan ita ke ƙona min rai ɗana. Itacen da ya shekara 20 kafin ya ba da ɗa guda, wanda zai ciyar da mace da 'yarta da jikarta, a kwantar da shi yini ɗaya don buhunan da kuɗinsu ba zai kai wata ba. Kuma ba matan ke sarewa ba, su dai su wayi gari su tarar da kututture.

Ɗalibar Jami'a: Hajiya ga shi kuma kasuwarshi a duniya ƙaruwa take. Mafi yawan wanda ake fitarwa waje ma ba shafawa ake ba, a cakulan yake ƙarewa, tun da Tarayyar Turai ta yarda a shekarar 2000 a riƙa sa wasu mayukan itace har kashi 5 cikin 100 a cakulan, kuma na kaɗe yana cikinsu. Ana son man sosai, uwar man ce ba mai kula da ita.

Mai Kanari na Birni: To alhamdu lillahi, tunda masana da kansu sun ce kanari lafiya lau yake, sai a sakar mana mara. Kullum ana ganinmu kamar mu ne muka ƙarar da tsuntsaye. Ni nawa da safe sai na sake musu ruwa na hure ƙaiƙayin geron da suka bari na zuba sabo kafin ni in karya, in rana ta take in maida kejin inuwa. Namiji kawai muke ajewa don shi ke kuka, kuma wanda ya san abin nan ya san in ɗan tokan nan ya buɗe baki bayan sallar asuba yana jan kuka ba tsayawa maƙogwaronshi na rawa, duk gidan sai ya yi tsit. Gado ne a wajenmu.

Ɗalibar Jami'a: Kawu ba wanda ya ce ba ka kula da naka, amma LC ba takardar izini ba ce fa. Bari in ba ka misali da wani ɗan tsuntsu mai kuka kamar kanari, Emberiza aureola, mai rawayan ƙirji, yana hayayyafa a Rasha yana yin hunturu a kudancin Asiya. Garke-garke ne da shi da, yana LC har zuwa 2004. Ana kama shi da raga a Sin ana ci. A 2008 ya shiga VU, a 2013 EN, matakin haɗari na gaba da VU, a 2017 CR, matakin da daga shi sai ƙarewa a dawa. Shekara goma sha kaɗan ke nan. Kuma ba sai mun je Asiya ba, ungulun nan tamu ta kwata, Necrosyrtes monachus, ita ma LC take da, a 2011 aka kai ta EN, a 2015 CR. Kawu kai ka girme ni nesa, yaushe rabonka da ganin ungulu jere kan katangar mahauta?

Mai Kanari na Birni: Maganar ungulu kam gaskiya ne 'yata, da har kora ake yi, yanzu yaro sai ya girma bai gan ta ba. Amma ita guba ta kashe ta da masu neman kanta don magani, ba keji ba. Kuma in ana maganar ƙananan tsuntsaye a faɗi duka, feshin da ake ma jan baki fa? Maganin nan ba ya tambayar sunan tsuntsu, duk wanda ya kwana a wajen ya tafi. Ga ciyawar da suke cin tsabarta an share an yi gona ko an yi fuloti, bayan garin da Mushe ke magana ai gidaje ne yanzu.

Ɗan Matamaye: Jan baki dai kar a sa shi cikin abin tausayi dan Allah, wanda ya taɓa kwana yana kaɗa gwangwani a gonar gero ya san shi. Shi ma ɗan'uwan kanarin ne?

Mushen Lise: A babban rukuni ɗaya suke, amma gida daban. Jan baki Quelea quelea ne, gidan Ploceidae, 'yan'uwan kabare masu saƙa sheƙa. Shi ne tsuntsun dawa da ya fi kowane yawa a duniya, ana ƙiyasta shi wajen biliyan 1.5, kuma LC yake, rukuni ɗaya da kanari. Wannan ma ya nuna maka faɗin rukunin LC ɗin, daga mai biliyan har wanda ba a cika bin sawunshi ba duka suna ciki.

Tsohon Ɗan Gandun Daji: Malam mai kanari, maganarka ta feshi da share ciyawa gaskiya ce ban musa ba. Amma ka bar ni in faɗi abin da na gani da idona lokacin ina aiki. Matsalar ba kejinka guda biyu ko uku ba ce, hanyar da tsuntsun ke bi kafin ya iso hannunka ce. Mai kamu zai rataye keji da namiji mai kuka a ciki ya kira 'yan'uwa, ko ya shafa danƙo a reshe kusa da ruwa, kuma danƙo bai san namiji da mace ba. A tara su cunkus cikin keji guda a ɗora bisa mota cikin zafin nan namu, in an sauke sai ka ga na ƙasa an tattake su, wasu fiffike ya manne. Wanda ya iso kasuwa da rai shi kake gani, sauran an zubar a hanya. Da can har Turai ake kai su da yawan gaske, sai da murar tsuntsaye ta sa Turai ta rufe shigo da tsuntsayen dawa a 2005, ta maida rufin na dindindin a 2007. Kasuwar cikin gida da ta maƙwabta kuwa tana nan. Kuma muna da doka, ta 98-07 ta shekarar 1998 kan farauta da kare namun dawa, kamu don sayarwa ba abu ba ne da kowa zai tashi ya yi yadda ya ga dama.

Mai Kanari na Birni: Baba ban ƙi taka ba. Masu kawowa ma da kansu suna cewa sai sun yi nisa yanzu, wuraren da suke kamu da sun daina samu. Ni abin da ba na so a ɗora mana laifin duka.

Ɗan Matamaye: Ni kuma inda nake da ja da kundin nan daban ne. Mutanen da ke zaune a Suwis ta ina za su san abin da ya ɓace a garinmu? Mahaifina yana lissafa min ɗinya da kanya da taura da ɗorawa da ke gonakinmu da, fari na 1973 da na 1984 suka kwashe da yawa, gatari ya bi sauran, yau sai ka yi yawo kafin ka ga guda. In ka duba littafinsu ƙila su ce maka lafiya lau don akwai su a wata ƙasa. To ni ina ruwana da ta wata ƙasa, yarana ba su san ɗanɗanon ɗinya daga bisa ba sai ta kasuwa.

Tsohon Ɗan Gandun Daji: Ɗana ofishin ne ke Gland a Suwis, amma aikin masana ne daga ko'ina har da na Afirka, tun 1964 ake tara shi. Sai dai asalin maganarka haka take, kundin na duniya ne, ba ya ba ka labarin gundumarka. Goriba LC take, amma je ka Gulbin Kaba a jihar Maradi ka ga yadda yankan kaba ke hana ƙanana zama itace. Maɗaci kuma VU yake kamar kaɗanya, alhali ga shi nan a bakin hanyoyi cikin garuruwanmu, kowa na wucewa ya ɓare ɓawon don maganin ciki har gindin ya zama duk tabo. Shi ya sa kowace ƙasa ke da nata jerin itatuwan da ta kare, a namu kaɗanya na ciki, gawo na ciki, tun dokar gandun daji ta 1974 kafin ta 2004 ta zo. Amma ni da na yi aikin nan zan gaya muku doka kaɗai ba ta tsaida itace. Zamanin da manomi ke ganin itacen gonarshi na gwamnati ne, cire shi yake tun yana ƙarami don kar ya jawo mishi tara. Sai da ya tabbata nashi ne sannan ya fara reno.

Ɗan Matamaye: Wannan kam mu shaida ne Baba. Sassaben zamani ya canza ƙasarmu, daga Matamaye zuwa Magarya zuwa Mirriya gawo ne ko'ina, ba wanda ya dasa, tohon kututture ne da wanda dabbobi suka baza muka bari muka gyara. Ana maganar eka miliyoyi, hekta wajen miliyan 5 da itace wajen miliyan 200 a kudancin ƙasar nan. To abin da nake tambaya, tunda mun iya da gawo me zai hana mu gwada kaɗanya? Ina da wuri a fadama kusa da Korama mai damshi.

Tsohon Ɗan Gandun Daji: Ruwa ne zai hana ka. Kaɗanya tana son milimita 600 zuwa sama a shekara, mu nan Zinder wajen 400 muke samu, ku can kudu kun ɗan fi mu amma kuna bakin iyaka ne. Kuma gawo yana zubar da ganye da damina ya bar ma gero rana ya ba shi taki, shi ya sa manomi ke son shi, kaɗanya inuwa take yi lokacin da shuka ke son haske. Sannan ba ta son wurin da ruwa ke kwanciya, in za ka gwada ka sa ta gefen fadamar inda ƙasa ke tsanewa. Ni da kai ne da ɗinya da kanyar da mahaifinka ya lissafa zan fara, su ƙasar ta riga ta san su.

Hajiya Mai Man Kaɗe: Ka gwada duka ɗana, ko ba ka ci ba jikanka ya ci. In ƙwallon kake so ina da shi buhu-buhu wajen masu kawo min.

Ɗan Gaya: Hajiya naki ba zai fito ba, an riga an dafa shi an shanya, ya mutu. Ko ɗanye ne ma ƙwallon kaɗe ba ya ajiyuwa kamar gero, in ya bushe shi ke nan, cikin 'yan kwanaki bayan ya faɗo ake so a binne shi. Kuma saiwa yake fara yi mai zurfi kafin ka ga ganye a sama, don haka kar ka ga shiru ka tone, kuma gara ka shuka shi inda zai zauna da ka sa a leda ka zo dasawa saiwar ta karye. Yaya na Matamaye, in Allah ya kai mu farkon damina zan sa ƙanena ya tsinto sababbi daga itacen da muka san yana da zaƙi ya sa a jiƙaƙƙen buhu ya ba motar Dosso, kwana biyu sun iso. Kai dai ka tanadi ƙaya ko waya ta shinge tun yanzu saboda awaki.

Ɗan Matamaye: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Kamar guda nawa zan sa a rami ɗaya, kuma zurfin ya kai ina?

Ɗan Gaya: Biyu ko uku, zurfin ɗan yatsa ya isa, in duka suka fito ka bar mai ƙarfin. Zan turo maka saƙo ta gefe mu daidaita maganar mota.